Siffa da Nauyi a Kuɗin Zinariya na Sarakunan Rumawa

1. Gabatarwa

Daular Rumawa ta bar wa masu binciken tarihi shaidu iri iri. Akwai littattafai, akwai kufan gine-gine, akwai kuma rubutun da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Amma a cikinsu duka da wuya a sami wanda ya fi kuɗin zinariya jure wa zamani, gama zinariya ba ta tsatsa, ƙasa kuwa ba ta cin ta. A shekara ta 1993 masu haƙar harsashin gini a birnin Tiriya na ƙasar Jamus suka ci karo da tsabar zinariya fiye da 2,500 a wuri ɗaya, nauyinsu kilo 18 da rabi, tun daga na zamanin Sarki Niro har zuwa na Saftimiyas Safiras. Wanda ya binne su bai koma ya ɗauka ba, kuɗin kuwa suka fito kamar jiya aka buga su.

Kowace ƙwaya ta irin waɗannan kuɗi tana ba da shaida biyu. Ta farko ita ce siffa da rubutun da ke jikinta, watau abin da sarki ya ke so jama'a su gaskata game da shi. Ta biyu ita ce nauyinta, wanda ya ke nuna halin da baitulmali ya ke ciki, ko sarki ya so ko bai so ba. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa shaidun nan biyu sukan saɓa wa juna, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya zai koyar da tarihin da bai cika ba.

2. Suna da daraja

Rumawa suna kiran kuɗinsu na zinariya awuriyas, daga kalmar Latin aurum, watau zinariya. Ko da ya ke an taɓa buga zinariya jefi-jefi tun zamanin jamhuriya, Yuliyas Kaisar ne ya fara buga ta da yawa a birnin Rum, a shekara ta 46 kafin Miladiyya, domin ya sallami sojojinsa bayan yaƙe-yaƙe. Ma'aunin da ya bi shi ne a fitar da ƙwaya 40 daga laba ɗaya ta Rumawa. Labar tasu kuwa wajen giram 327 ce, saboda haka kowace ƙwaya ta kai kimanin giram 8, zinariya tsantsa kusan ba gauraye.

Awuriyas ɗaya daidai ya ke da kuɗin azurfa 25, waɗanda a ke kira denariyas. A zamanin Sarki Agustas albashin soja na shekara denariyas 225 ne, watau awuriyas 9. Daga nan za a gane cewa kuɗin zinariya ba na cefanen kasuwa ba ne. Hannun da ya saba riƙe su shi ne na hafsoshi, da sojoji ranar rabon kyauta, da 'yan majalisar dattawa, da manyan fatake. Waɗannan kuwa su ne mutanen da ke iya naɗa sarki ko tuɓe shi, don haka saƙon da ke jikin zinariya su a ke nufi da shi tun farko.

Da hannu a ke buga kuɗin. Gwani ya kan sassaƙa siffa a jikin tambarin ƙarfe guda biyu, a sa ɗan faifan zinariya tsakaninsu, a doka da guduma. Gefe ɗaya shi ne fuska, inda kan sarki ya ke tare da sunansa da laƙabansa. Ɗaya gefen shi ne baya, inda a ke zana gunki, ko gini, ko labarin wata nasara. Laƙaban nan a taƙaice a ke rubuta su: IMP na nufin sarkin yaƙi, COS na nufin muƙamin kwansul, P M babban limamin addininsu, P P uban ƙasa, TR P kuwa ikon wakilin talakawa. Wannan na ƙarshe kowace shekara a ke sabunta shi, a kan kuma rubuta lambarsa, saboda haka da shi masana su kan gane shekarar da aka buga ƙwaya.

3. Kan sarki

A zamanin jamhuriya al'adar Rum ba ta yarda a sa kan mutum mai rai a jikin kuɗi ba, sai na gumaka ko na kakannin da suka shuɗe, gama a ganinsu wannan ɗabi'ar sarakunan gabas ce. A farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya aka buga kan Yuliyas Kaisar a kuɗin azurfa yana da rai, ran 15 ga Maris na wannan shekara kuwa aka kashe shi. Abin lura shi ne, Burutas, wanda ya ke cikin shugabannin makasan da sunan ceton jamhuriya, bayan shekara biyu ya buga nasa kuɗin da nasa kan a fuska. A baya ya sa wuƙaƙe biyu, da hular da a kan ba bawa ranar 'yanta shi, da rubutun EID MAR, watau tsakiyar Maris. Marubucin tarihi Kasiyas Diyo ya ambaci wannan kuɗi, akwai kuma 'yan ƙwayoyinsa na zinariya da suka rage. Bayan kuɗin yana shelar 'yanci, fuskarsa kuwa tana yin abin nan da aka kashe Kaisar dominsa. Tun daga nan al'adar sa kan mai mulki ta zauna.

Agustas, wanda ya karɓi wannan laƙabi a shekara ta 27 kafin Miladiyya, ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, amma a kuɗinsa bai taɓa tsufa ba. Har ƙarshen mulkinsa fuskar saurayi ce mai santsi, ba furfura ba tamoji. Niro kuwa akasin haka ne, gama ana iya jera kuɗinsa daga shekara ta 54 zuwa ta 68 a ga yaro siriri yana ƙiba har wuya ya cika. Fasfasiyan, wanda ya hau a shekara ta 69 bayan yaƙin basasa, ya sa aka zana shi da sanƙo da tamoji, kamar tsohon soja mai wahala, domin a bambanta shi da Niro da almubazzarancinsa. Hadiriyan ya shigo da gemu a shekara ta 117, sarakunan da suka biyo shi suka ɗauka. Hausawa sukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da ke jikin kuɗi zaɓaɓɓiya ce, labarin da ta ke bayarwa na siyasar fada ne.

Wani lokaci tsarin kawunan kansa ya kan tona abin da ke gudana a cikin gida. Awuriyas na farko na Niro, na shekara ta 54, ya nuna shi da uwarsa Agirifina suna fuskantar juna, sunanta da laƙabanta ne a fuska, nasa kuwa an kai su baya. A shekara ta 55 aka jera kawunan biyu, nasa a gaba nata a bayansa, sunansa ya komo fuska. Daga nan ba a ƙara ganinta a kuɗin Rum ba, a shekara ta 59 kuwa ya sa aka kashe ta. A nan kuɗi da littattafai sun yi daidai, ana iya bin faɗuwarta mataki mataki.

4. Labarin da ke baya

Bayan kuɗi shi ne wurin shela. Da Agustas ya ci Masar aka buga kada da rubutun AEGVPTO CAPTA, watau an kama Masar. Kalaudiyas ya buga siffar ƙofar nasara da rubutun DE BRITANN bayan ya kai yaƙi Biritaniya a shekara ta 43. Fasfasiyan ya buga mace zaune cikin baƙin ciki kusa da tarin makaman ganima, a ƙarƙashinta an rubuta IVDAEA, domin yaƙin Yahudiya, wanda a cikinsa aka rushe Urushalima a shekara ta 70. Tirajan ya ci Dasiya, ƙasar Romaniya ta yanzu, a shekara ta 106, ya kwaso zinariyarta, ya gina dandali da babban zauren shari'a a Rum, ya kuma sa siffofinsu a kuɗinsa. Masu binciken gine-gine suna amfani da waɗannan siffofi wajen gane kamannin gaban ginin, gama shi kansa ya rushe. Hadiriyan, wanda ya zaga daularsa, ya buga jerin larduna, aka siffanta Afirka da mace mai hular kan giwa, hannunta a kan zaki.

Waɗannan duka abubuwa ne da suka auku. Amma ko a nan akwai gyaran fuska. A shekara ta 53 kafin Miladiyya Fartiyawa suka karya rundunar Karasas a Karhe suka ƙwace tutocinta. Agustas ya karɓo su a shekara ta 20 kafin Miladiyya ta hanyar sulhu, ba a zare takobi ba, amma kuɗin da aka buga da rubutun SIGNIS RECEPTIS, watau an karɓo tutoci, sun nuna abin kamar nasarar yaƙi ce, har da gunkin yaƙi Maris riƙe da su.

Akwai kuma inda kuɗi suka faɗi gaskiya tsirara. Da aka kashe Kaligula a shekara ta 41, dakarun fada ne suka ɗauki Kalaudiyas suka kai shi barikinsu suka naɗa shi. Suwetoniyas ya ce ya yi wa kowane ɗayansu alkawarin sestarsas 15,000, watau awuriyas 150, fiye da albashin shekara 16 na soja gama-gari. Awuriyas da ya buga ya nuna ganuwar barikin da rubutun IMPER RECEPT, watau an karɓi sarki. Da wuya a sami sarkin da ya bayyana wa duniya wanda ya naɗa shi kamar haka.

5. Inda siffa ta saɓa wa zahiri

Yawancin siffofin baya na ɗabi'u ne da aka mai da su mutane, kamar Salama, da Jituwa, da Aminci, da Nasara, kowace da alamarta, Salama da reshen zaitun, Jituwa da hannaye biyu a sarƙe. A nan ne mai karatu ya fi bukatar hattara, domin sau da yawa abin da aka fi shelarsa shi ne abin da aka fi rasawa.

Oto ya hau mulki a Janairu na shekara ta 69 ta hanyar kashe Galba, ya yi wata uku, aka ci rundunarsa, ya kashe kansa a Afrilu. A ɗan wannan lokaci ya buga zinariya da rubutun PAX ORBIS TERRARVM, watau salamar duniya duka. Narfa, wanda ya yi mulki daga 96 zuwa 98, ya buga hannaye biyu a sarƙe da rubutun CONCORDIA EXERCITVVM, jituwar rundunoni, alhali kuwa a shekara ta 97 dakarun fada suka tsare shi a gidansa suka tilasta masa ya miƙa makasan Domishiyan, har ya ga ba shi da mafita sai ya ɗauki Tirajan, mai runduna a hannu, ya zama magajinsa. Saftimiyas Safiras, mutumin Labda ta ƙasar Libiya ta yanzu, ya buga matarsa Yuliya Domna tsakanin 'ya'yansu biyu, Karakalla da Geta, da rubutun FELICITAS SAECVLI, albarkar zamani. Uban ya rasu a shekara ta 211, kafin shekarar ta ƙare Karakalla ya sa aka kashe Geta a gaban uwar tasu. Galiyenas kuwa, wanda Farisawa suka kama ubansa Faleriyan a shekara ta 260, yamma ta ɓalle a hannun Fostumas, gabas kuma tana hannun Tadmur, ya buga zinariya da rubutun VBIQVE PAX, salama ko'ina.

Ba daidai ba ne a kira waɗannan rubuce-rubuce ƙarya kawai a wuce. Sun fi kama da roƙo, ko alkawari, ko kirarin da a ke yi wa sarki don ya zama abin da a ke faɗa. Amfaninsu ga mai tarihi shi ne suna nuna inda damuwar fada ta ke. In aka ga sarki yana yawan buga amincin sojoji, to, a duba ko sojojin suna shirin tawaye.

6. Shaidar ma'auni

Siffa tana hannun mai sassaƙa, amma nauyi yana hannun baitulmali. Kusan duk tsawon ƙarni biyu na farko ba a gauraya zinariyar da wani ƙarfe ba, sai dai a rage girman ƙwayar. Daga 40 a laba a zamanin Kaisar, ta koma wajen 42 a zamanin Agustas. A shekara ta 64, shekarar babbar gobarar Rum, Niro ya mai da ita 45 a laba, kimanin giram 7.3, Filini Babba kuwa ya rubuta wannan a littafinsa. Karakalla, wanda ya ƙara wa sojoji albashi, ya mai da ita 50 a laba a shekara ta 215, kimanin giram 6 da rabi. A tsakiyar ƙarni na 3 ma'aunin ya watse gaba ɗaya, ƙwayoyin sarki ɗaya su kan bambanta ƙwarai da juna, har ba a iya karɓarsu da ƙirga, sai an auna. Wannan ya faru daidai lokacin da a ke rubuta salama ko'ina. Kuɗin azurfa kuwa sun fi lalacewa, gama a ƙarshen mulkin Galiyenas azurfar da ke cikinsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Diyokiletiyan, wanda ya hau a shekara ta 284, ya tsai da awuriyas a kan 60 a laba, har ya sa aka buga harafin Girkanci mai nufin 60 a jikin waɗansu, domin mutane su amince. A dokarsa ta ƙayyade farashi ta shekara ta 301 an sa labar zinariya a kan denariyas 72,000, watau ƙwaya ɗaya ta kama denariyas 1,200. A zamanin Agustas 25 ce. Babu wani rubutu a bayan kuɗi da ya ba da labarin wannan faɗuwa.

Mutanen ƙasashen waje tun da wuri nauyin su ke dubawa. Filini ya koka cewa Indiya tana janye sestarsas miliyan 50 daga daular kowace shekara ta hanyar ciniki, an kuwa tono awuriyas da yawa a kudancin Indiya. A waɗansu daga cikinsu an sa kurfi an tsaga kan sarkin. Masana sun yi saɓani kan dalilin haka, amma a fili ya ke cewa a can ikon Kaisar ba shi da wani tasiri, zinariyar ce a ke so.

7. Solidas da dinari

Wajen shekara ta 309 Kustantin ya fara buga sabon kuɗin zinariya a Tiriya, mai suna solidas, watau tsayayye, 72 a laba, kimanin giram 4 da rabi. Da ya haɗa daular duka a hannunsa a shekara ta 324 sai kuɗin ya game ko'ina, dukiyar ɗakunan gumaka da ya ƙwace da harajin da ya sa a biya da zinariya suka taimaka wajen tsai da shi. Daga shekara ta 367 aka umarta a riƙa narkar da zinariyar haraji a tace ta kafin a sake bugawa, aka kuma ƙara haruffan OB a jikin kuɗi don shaidar tacewa. Wannan ma'auni ya tsaya a daular gabas har ƙarni na 11.

Siffofin addini ba su sauya da sauri ba. Kustantin ya ci yaƙin gadar Milbiya a shekara ta 312, wanda marubutan Kirista su ke ɗauka mafarin musayar addininsa, amma a shekara ta 313 aka buga babbar lambar zinariya da kansa jere da na gunkin Rana, gunkin kuwa ya ci gaba da fitowa a kuɗinsa shekaru bayan haka. Sannu a hankali gicciye ya shigo. Siffar Annabi Isa ba ta zama fuskar solidas ba sai a mulkin farko na Jastiniyan na 2, tsakanin 685 da 695.

A yamma kuwa an sami saɓani na wani iri, gama nauyin kuɗi ya tsaya, daular ce ta rushe. Solidas na Onoriyas ya nuna sarki yana take fursuna da ƙafa, da rubutun nasarar sarakuna, a zamaninsa kuwa Alarik ya washe birnin Rum a shekara ta 410. Har Romulas, yaron da aka tuɓe a shekara ta 476, wanda a kan lissafta shi sarkin yamma na ƙarshe, nasara aka rubuta a bayan kuɗinsa. Wannan ya nuna cewa nauyi ma yana da iyakar abin da zai shaida. Yana nuna gwamnati ta iya tara zinariya ta biya sojoji, ba ya nuna ko ta iya tsare iyakokinta.

Solidas ne Larabawa suka sani kafin Musulunci, suna kiransa dinar. Sunan ya samo asali daga denariyas, gama Rumawa sukan ce denariyas na zinariya, kalmar ta bi ta Girkanci da harsunan gabas ta shiga Larabci, ta kuma zo a Alƙur'ani a Suratu Ali Imrana, aya ta 75. Halifofin farko sun ci gaba da amfani da kuɗin Rumawa, daga baya aka kwaikwaye su aka cire gicciye. A shekara ta 77 Hijira, watau 696 zuwa 697, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari wanda babu siffar kowa a jikinsa, sai rubutu, nauyinsa misƙali ɗaya, kimanin giram 4.25. Ya yar da siffa ya riƙe ma'auni kusa da na Kustantin. Daga wannan kalma ta Larabci Hausa ta sami dinari, masana harshe kuma suna lissafta zinari da zinariya cikin kalmomin aro daga tushe ɗaya. Haka nan harafin s da harafin d da a ke rubutawa don sule da kwabo a Nijeriya kafin a shigo da naira a shekara ta 1973, na solidas ne da denariyas.

8. Kammalawa

Malamin da zai sa hoton ɗayan waɗannan kuɗi a gaban ɗalibai, ya kamata ya fara da laƙaban fuska domin a san sarki da shekara. Sa'an nan a karanta baya a tambaya, wa a ke so ya ga wannan, me kuma a ke tsoro a wannan shekara. Bayan haka a nemi nauyin ƙwayar a gwada shi da na sarakunan da suka gabata, a ƙarshe a kawo abin da littattafai da kufai suka nuna. Ɗalibin da ya saba da wannan hanya a kan awuriyas na Oto ko na Galiyenas zai iya binta a kan kowace shaida da mai mulki ya bari game da kansa, ko wasiƙar fada ce, ko jerin sunayen sarakuna, ko waƙar yabo.